Iya Ta Tafi da Sunan Mai Kwari

Ranar Talata ce, wajen ƙarfe biyu na rana a nan Kuala Lumpur. Na sauka ƙasan benenmu da ke Bukit Jalil don in ɗauko abincin da muka saya, domin a lokacin dokar kulle ta korona ta hana masu kawo saƙo hawa sama, sai dai su ajiye a kan wani tebur kusa da ɗakin masu gadi. Ina tsaye ina jiran lif, takunkumi a fuska, leda a hannu, sai wayata ta yi ƙara. Anti Balaraba ce, matar baffana Sule. Tun kafin in ɗauka gabana ya faɗi, saboda a gida bakwai na safe ce kawai ta yi, kuma ban san Anti da kiran mutum kafin ta sauke kunu ba. Ta ce, "Saudatu, sai dai mu yi haƙuri. Iya ta cika bayan sallar asuba." Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Lif ya zo na shiga, ya kai ni hawa na sha tara ya buɗe, na kasa ɗaga ƙafa har ya rufe ya sake sauka da ni.

Kafin a kira magariba a nan, an riga an kai ta makwancinta a can. Ban ga wankanta ba, ban ga fitar da ita ba, ban zauna a tabarmar makoki ba. Iyakoki a rufe, ga jariri ɗan wata huɗu da ko fasfo ba a yi masa ba. Matan Hausawa da ke unguwannin Sri Petaling da Sentul sun yi ta kira suna yi min gaisuwa, Allah Ya saka musu da alheri, amma babu wadda doka ta bari ta tako. A garinmu gidan rasuwa da tarin takalma a ƙofa ake gane shi. Ni kuwa kwana bakwai ina leƙa ƙofata, takalmanmu ne kawai, na maigida da nawa da na ƴarmu Hanan. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, domin abin da ake faɗa wa masu zuwa gaisuwa ni ban samu wanda zan faɗa wa ba.

Hajiya Rabi sunanta, amma duk ƙauyenmu da ke bayan Gwarzo Iya ake ce mata. Ita ta haifi mahaifina. Ina shekara shida ya rasu, da mahaifiyata ta gama takaba za ta koma gidansu, Iya ta ce a bar mata ni. A ɗakinta na yi wayo, a kan gadonta nake kwana har ranar da aka kai ni ɗakin miji. Daddawa take yi, da ita ta saya min littattafan makaranta, ko da yake ita ko alif ba ta sani ba a rubuce. Idan na tsokane ta da haka sai ta ce, "Ba ni da karatu, amma kunnena bai taɓa fashin makaranta ba." In ta same ni ina kuka ba ta tambayar dalili, kwano take turo min ta ce, "Ci tukuna. Kukan ba inda za shi, zai jira ki." Wallahi ranar rasuwarta sai da na ji wannan maganar a kunnena, amma na kasa cin ko loma ɗaya.

Duk wanda ya san Iya ya san ta da kunya, irin ta mutanen da, wadda yanzu sai dai labari. Mahaifina ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta taɓa kama sunansa ba. Yana raye "yaron nan" ne, da ya mutu ya zama "mai rasuwa". Mijinta, kakana Malam Haruna, "Malam" kawai take ce masa, kuma duk wani Haruna da ke garin ya koma "mai sunan Malam", har da wani mai gyaran keke da ta yi jika da shi. Lokacin da za ta Makka, ma'aikacin da ke cike takarda ya tambaye ta sunan miji, ta sunkuyar da kai. Mutumin ya saba da irinsu, sai ya shiga jero sunaye, Musa, Isa, Garba, tana cewa "wuce", har ya zo kan Haruna ta yi shiru, shi kuma ya rubuta. Ranar da ta ji na kira maigidana da sunansa, muna sabon aure, yini ta yi ba ta tanka min ba. Da yamma ta ce, "Wanda kike girmamawa ba kya ƙwala masa kira kamar mai tallar gyaɗa." Tun daga ranar na daina, yau ko a gaban Turawa Abban Hanan nake ce masa.

Abin mamaki, wannan matar da ba ta kama suna ita kaɗai ce ta san sunayen gidanmu. Ga yadda aka yi. Da aka kawo ta gidan, ta tarar da surukinta, Malam Idi, ya tsufa ya makance. Ita ke kai masa ruwan alwala da kunu a soro kowace safiya. Tsohon yana da wata al'ada, in ya idar da sallar asuba sai ya yi wa iyayensa addu'a ɗaya bayan ɗaya, yana kiran kowa da sunansa: ubansa, kakansa, da kakan ubansa, wanda daga kansa gidanmu ya faro. Ƴaƴansa maza a lokacin suna masallaci ko sun kama hanyar gona. Iya ce ke durƙushe a bakin ƙofa da ƙwarya a hannu tana jiran ya shafa. Shekara tara tana jin sunayen nan kullum. Tsohon ya rasu, kakana ya bi shi, mahaifina ya bi su, takardar da aka ce an taɓa rubuta salsalar a ciki kuwa gara ta cinye ta har da akwatin. Baffa Sule in an tambaye shi, daga Malam Idi ya tsaya. Sunaye uku ke nan suka rage a kan mace ɗaya a duk duniya, kuma dukkansu surukanta ne, ba za ta faɗa ba.

Na ƙarshen nan shi muka taso muna jin ana ce wa Mai Kwari. Labarinsa kam Iya ba ta rowarsa, tana tankaɗe ko tana ƙulla daddawa take ba ni. A zamanin jihadi ya yi rayuwa, lokacin da ƙasar Hausa ta juye aka kawar da sarakunan da. Ba malami ba ne, ba a ba shi tuta ba, ko doki ba shi da shi. Manomi ne da ke taɓa saƙa da rani. Da kira ya iso ƙauyensu, ya rataya kwarinsa ya ɗauki baka ya bi sahun masu tafiya a ƙasa, irin waɗanda ba a ba su komai, kowa da guzurinsa. In damina ta faɗi ya dawo ya yi shuka, in an yi girbi ya koma. A wani artabu ya rasa yatsu biyu na hannun dama, sai ya koyi jan baka da ragowar. Da ƙura ta lafa aka raba sarautu, shi ko mai unguwa bai samu ba. Aka dai tura shi da wasu su zauna a bakin iyaka su yi gadi, suka sare daji suka kafa garin da aka haife ni. Iya takan ce, "Masu dawaki, maroƙa sun riƙe musu sunansu. Shi ƙafa gare shi, sai dai in ƴaƴansa sun riƙe." Ina yarinya labarin yatsun ne kawai ke burge ni, ban taɓa tunanin in tambayi sunansa ba.

Annoba ce ta sa na tambaya. Shekararmu biyar ke nan a ƙasar nan, maigida yana koyarwa a wata jami'a mai zaman kanta. Da aka kulle gari sai ya koma koyarwa ta kwamfuta, ya shige ɗaki tun safe ya rufe ƙofa. Hanan, ƴar shekara takwas, tana falo da nata karatun. Ni kuma ga ciki, ina zagaye tsakanin kicin da taga, ina kallon jirgin ƙasa yana wucewa ba kowa a cikinsa. Sai in yini ban yi Hausa da kowa ba, don Hanan in na yi mata Hausa da Turanci take amsawa, in ta ga dama ma ta ce min "boleh", wato "to" a yarensu, kamar ƴar ƙasa. Wata rana malamarsu ta ba su aiki, kowa ya zana bishiyar danginsa. Yaran ƴan ƙasa suka yi ta jero wane ɗan wane har kakanni shida, bakwai. Hanan ta zo da takardarta, da muka zo ɓangarena na ba ta Haruna, na ba ta Idi, na tsaya. Na ce a can sama akwai Mai Kwari, wanda ya yi yaƙin jihadi. Ta tambaye ni da Turanci, wai wannan suna ne ko aiki? Na ce laƙabi ne. Ta ce to mene ne sunansa? Kai, ban taɓa jin kunyar ƴar cikina irin ta ranar ba.

Na kira wayar Anti Balaraba na ce a ba ni Iya. Iya ba ta riƙe waya, Anti ce ke kara mata a kunne. Na ce, "Iya, sunan Mai Kwari nake so." Ta ce, "La'ilaha illallahu! Zama cikin masu cin shinkafa safe da yamma ne ya taɓa miki kai?" Na yi ta magiya, na ce mata cikin nan an duba an ce namiji ne, kuma Abban Hanan ya bar min zaɓin suna, so nake in mayar da Mai Kwari. Ta yi doguwar ajiyar zuciya ta ce, "Bakina dai ba zai faɗa ba. Amma in kin iya irin ta mutumin nan mai takardar Makka, bismilla. Daga ƙasa za mu faro, ba a tsallake uba a je ga kaka."

Haka muka fara. Kullum ƙarfe huɗu na yamma a nan, hantsi a can, sai in zauna a kujerar bakin taga da littafi da biro ina jero sunaye. In na kuskure ta maimaita sunan tana min dariya. "Wane Lawal? Wuce." "Sabi'u kuma? Ke dai ba ki da kai. Wuce." In na kira biyar ko shida sai ta ce, "Ya isa na yau," ta shiga ba ni labarin akuyarta da ta haifi uku, da wanda ya yi aure, da wanda korona ta hana zuwa Umara. Sati biyu muka yi kafin ranar da na ce Yakubu, sai na ji ɗif. Ina jin numfashinta, ina jin kaji a tsakar gida, amma ba ta ce wuce ba. Can ta yi gyaran murya ta ce, "Ana ruwa a wajenku?" Na rubuta Yakubu a littafin. Bayan wata guda muka samu na biyu, Hamza, ta wannan hanyar. Na sha jin haushin wannan "ya isa na yau" ɗin, har na taɓa ce mata rowa take min. Sai yanzu na gane ja take yi don kada kiran ya ƙare. Ashe ita ma, a gida cike da mutane, ba ta da mai zama ya saurare ta.

Saura Mai Kwari. Muka ci sati uku a kansa, sunaye suka fara ƙare min, ga watan haihuwa ya kama. Wata Alhamis aka tsuge da ruwa irin na garin nan, mai tsawa, wanda ko maganar na kusa da kai ba ka ji sosai. Na toshe kunne ɗaya na ce Ɗahiru, ta ce wuce. Na ce Mamuda, ta ce wuce. Na ce Zubairu. Shiru. Na jira, na ƙirga har ashirin a zuciyata, shiru. Na ce, "Iya?" Da na duba wayar sai na ga kiran ya yanke. Na ce a raina shi ke nan, wannan shi ne babbansu, kunyarsa ta fi ta sauran, shi ya sa ta sa aka kashe wayar ɗungurungum. Na tashi da ƙaton cikina na je ina buga wa Abban Hanan ƙofa yana tsakiyar darasi, ina cewa na samo shi, na samo shi. Ban sake kira in tabbatar ba. A ganina, sake tambayarta tamkar tsare ta ne a ce sai ta faɗa da baki.

Washegari naƙuda ta tashi. Ni kaɗai aka shigar, maigida a bakin ƙofar asibiti aka tsayar da shi saboda dokar annoba. Na haihu a hannun mutanen da idanunsu kawai nake gani, ba mai ce min sannu da harshena. Da muka dawo gida uban ya yi wa yaro huɗuba da Zubairu, kuma kamar yadda aka saba muka ɓoye sunan sai ranar bakwai. Kiran da muka yi da gida a kwanakin nan duk na barka ne, ɗakin Iya cike da mata, ba wanda ya yi zancen littafi. Ranar suna Baffa Sule ya yanka rago a can, aka raɗa suna a soron gidanmu, aka yi wa jama'a shela cewa an mayar da sunan Mai Kwari. Mu kuwa a nan mu huɗu ne, da shinkafar tapau, wato ta ƙunshi, daga shagon mamak, masu sayar da abinci da ke ƙasan bene.

Da yamma Anti ta kira ta ce ga Iya. Na gyara zama ina murmushi, ina jiran in ji da wane laƙabi za ta kira shi, mai sunan manya ko mai babban suna. Sai na ji muryarta raɗau ta ce, "Ina Zubairu? A matso min da Zubairu kusa da wayar in ji kukansa. Allah Ya raya Zubairu." Sau uku. Matar da ta yi shekara da shekaru tana kewaye sunan mai gyaran keke! Ba ta ce na yi kuskure ba, ba ta kunyata ni a gaban matan da suka cika ɗakinta ba. Ta dai kama sunan da bakinta, ta san zan gane ba na surukinta ba ne. Daga baya na tambayi Anti abin da ya faru ranar ruwan nan. Ta ce, "Ai caji ne ya ƙare, Saudatu. Tana ta faman cewa wuce, wuce, ni kuma ban lura wayar ta mutu ba sai can."

Ba zan ɓoye ba, fushi na yi, mai tsanani kuwa, kuma da ita na yi shi. Sati uku ban kira ba. Da na kira ko gaisuwa ban gama ba na ce, "Haba Iya! Kalma ɗaya ce fa. Da me za ta rage ki? Mutanen nan sun zama ƙasa tun kafin a haifi uban kowa. Ga shi na sa wa ɗana sunan da ba na kowa ba, an tara jama'a an yi shela." Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Zubairu sunan Musulmi ne, ba abin da ya same shi. Amma ke Saudatu, tun ina da haƙorana duka bakina bai kama sunan mutanen nan ba. Yanzu da ya rage ƙiris in je in same su, kike so in isa da shi a bakina? Da wane ido zan kalli tsohon nan?" Na ce to mu ci gaba da jerowa. Ta ce, "A'a. Wayar nan ta yi min ƙarya sau ɗaya, ta yi shirun da ba nawa ba kin ɗauka. Ba za ta ƙara ba. In an buɗe hanya ki zo ki zauna a gabana, ki kira kina kallon fuskata. Ki taho min da Zubairu." Na gwada kiran bidiyo, hoton ya riƙa sandarewa, ta ce a kawar mata da wannan abin daga gabanta.

Abban Hanan ya ba ni shawara, ya ce in sa Anti Balaraba ko wata cikin jikokin da ke gida ta zauna a gabanta da sunayen, cikin yini biyu an gama. Nan ne laifina yake, kuma gara in faɗe shi da bakina. Na ƙi. Na ce ni na faro, ni na samo Yakubu da Hamza, ba wadda za ta zo ta tsinci na ƙarshe a sama. A zaman kaɗaicin nan wannan abin ne kaɗai nawa, ni da Iya, ban so kowa ya shiga tsakani ba. Na ce ai annoba ba za ta dawwama ba, Iya kuma garau take, ko ciwon kai ba ta cika yi ba. Muka koma hirar akuya da ruwan sama. Littafin na sa shi a akwatin da zan yi tafiya da shi, bayan na ƙara sunayen da ban kira ba, har da irin na da, su Bawa da Nomau da Jatau, don wataƙila ma nasa ba na littafi ba ne. Zazzaɓin kwana biyu kacal Iya ta yi.

Bayan addu'ar uku na kira Anti na tambaye ta ko Iya ta bar min wata magana. Ta ce ranar Litinin da la'asar, da jikin ya yi nauyi, Iya ta tambaya ko an buɗe wa ƴan Malesiya hanya, aka ce mata tukuna. Anti ta ce, "Ni kuma da na ga yadda take, na matsa kusa na ce, Iya, sunan nan da Saudatu ke nema, ki raɗa min a kunne in ajiye mata, ba wanda zai ji. Sai ta juya fuskarta bango ta ce, na Saudatu ne, tana nan zuwa." Na ajiye wayar na shiga banɗaki na kunna famfo don kada Hanan ta ji ni.

Da Baffa Sule ya ji halin da nake ciki, ya kira ni ya ce, "Ke Saudatu, ki daina wahalar da kanki. Duk garin nan an riga an ɗauka Zubairu ne. Wa ya rage da zai musa? Ki bar shi a haka." Na san don ya kwantar min da hankali ya faɗa, kuma wallahi sai da na kwana biyu ina juya maganar, don ta fi sauƙi. Nan da wasu shekaru ƙaryar ta zauna daram, ba mai tuna yadda aka yi. Amma Iya ba ta kama sunan nan sau uku a gaban mata don in bar shi a haka ba. Saboda haka duk wanda ya ji shelar ranar suna, ko aka ba shi labarinta, yau ya ji daga bakina: ɗana Zubairu sunan kansa ya ci, ba na kowa ba. Salsalarmu ita ce Haruna ɗan Idi ɗan Yakubu ɗan Hamza ɗan Mai Kwari, kuma sunan Mai Kwari ba mu san shi ba, ba kuma za mu sani ba. Iya ta adana shi shekara sittin da ɗoriya ba tare da ya taɓa leɓenta ba, ni na salwantar da shi cikin wata huɗu saboda son kai.

Har yanzu in ƙarfe huɗu ta yi jikina yana sani ko ban kalli agogo ba. Wani lokaci, in Zubairu ya yi barci, nakan ciro littafin daga akwati in zauna a bakin taga in kira sauran sunayen a hankali, ɗaya bayan ɗaya, yadda na shirya zan yi a gabanta. Bawa. Nomau. Jatau. Yanzu kowanne na kira, shiru ne ke biyo baya.

Ya Allah, ga baiwarKa Rabi ta zo maKa. Ka jiƙanta, Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta Ka haskaka shi. Kunyar da ta yi wa bayinKa Ka sa ta zame mata sutura ranar da asirai ke tonuwa. Ka ba Baffa Sule da sauran ƴaƴa da jikoki haƙurin rashinta, Ka saka wa Anti Balaraba da ta yi jinya ta kuma riƙe mana waya ba ta taɓa gajiya ba. Ka yaye mana wannan annoba, Ka mayar da duk wanda ke nesa gida tun yana da wanda zai tarar. Ka raya Hanan da Zubairu cikin imani, Ka yafe min ɗaga muryar da na yi mata da jinkirin da na yi. Ka jiƙan mahaifina, da Malam Haruna, da Malam Idi, da Yakubu, da Hamza. Da kuma wanda ya haifi Hamza. Mu sunansa ya kuɓuce mana, Kai bai kuɓuce maKa ba. Ka kira shi da shi ranar da za Ka kira bayinKa na gari, Ka sa Iya tana kusa. Amin.